Tsofaffin rediyon gano inda tasha take: wacce ya kamata ka fara saye?

Ɗan'uwa, tunda ka ce kanka ya kulle tsakanin akwatin jirgin ruwan nan na Amurka mai eriya tana juyawa a ka da kuma 'yar hannun Ingila mai kamfas, ga wani kuma yana ta zuga ka kan kayan soja, bari in warware maka yadda nake kallon abin, don ni ma na shiga wannan ruɗanin kuma sai da aljihuna ya ji a jikinsa kafin na gane bakin zaren.

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar rediyo yana juya ta don muryar matsakaicin zango ta fito ras, to ya riga ya san rabin aikin. A cikin rediyon akwai wani baƙin sanda na ferayit da aka naɗe da siririyar waya, in ka ba tasha gefen sandan murya ta cika, in ka nuna mata bakinsa kamar kana nuna ta da yatsa sai muryar ta faɗi ta kusa ɓacewa. Wannan wurin shirun shi ake nema, ba wurin ƙara ba, saboda ƙarar tana da faɗi amma shirun siriri ne, ɗan motsi kaɗan ka fita daga cikinsa. Matsalar ita ce sanda baki biyu gare shi, ba ka san tashar tana gabanka ko tana bayanka ba, shi yasa masu kyau suke da wata eriya ta biyu doguwa da ake zarowa, ita ke raba gardamar gaba da baya. Masu ƙananan jiragen ruwa a Amurka da Turai sun rayu da wannan tun daga shekarun 1950 har zuwa 1980, su auna tashar ishara ɗaya a dogon zango tana buga sunanta da Mos, wato alamun ƙara gajere da dogo, su auna ta biyu, su ja layi biyu a taswira, inda layukan suka haɗu nan suke. Da GPS ta kammala tsayuwa a 1995 sai aka fara kashe tashoshin isharar teku ɗaya bayan ɗaya, kafin a shiga shekarun 2000 yawancinsu sun yi shiru, na'urorin suka koma gareji da kasuwar gwanjo. Daga can muke kwaso su.

Abubuwan da nake dubawa kafin in fidda ko sisi

Na farko kuma wanda ya fi komai, zangon da take kamawa. Mutane suna mantawa da wannan su bi kyan fuska. Mu nan ba teku gare mu ba, tashoshin isharar ma sun mutu a can inda aka yi su, manyan gidajen dogon zango na Turai su ma suna ta rufewa, France Inter ta bar 162 kilohaz a ƙarshen 2016, Europe 1 ta bar 183 a ƙarshen 2019, RTL ta bar 234 a farkon 2023. Don haka na'urar da dogon zango kaɗai ta sani, a wajenmu kusan kurma ce. Wadda take da matsakaicin zango kuwa kana kunnawa za ka samu abin aunawa, Rediyon Tarayya Kaduna a 594 ko Rediyon Kano a 729 in suna kan iska, da dare kuma tashoshin Larabawa su cika maka ko'ina.

Na biyu farashi, amma farashi har ƙofar gidanka, ba wanda ka gani a eBay ba. Kuɗin aiko da na kwastan sukan fi kuɗin kayan in akwatin mai nauyi ne. Na uku ƙarko da sauƙin gyara, wato in ta mutu shin mai gyaran rediyon unguwarku zai iya sa mata hannu ko sai dai ta zama ado. Na huɗu batir, irin wanda ake samu a shagon bakin titi ne ko irin wanda aka daina yi tun kakanni. Na biyar haɗari, kuma iri biyu ne, na lafiya da na hukuma, zan zo kansu.

Akwatin jirgin ruwa mai eriya a ka

Nan ne kasuwar ta fi cika, Ray Jefferson, Bendix, Pearce-Simpson, Heathkit, Zenith, Nova-Tech da sauransu. Siffar kusan ɗaya ce, akwati mai hannu, a samansa faifai mai lamba 0 zuwa 360 da sandan eriya da kake juyawa, ga ɗan mita mai allura da ke nuna maka faɗuwar siginal. Galibi zango uku ne, dogon zango wajen 150 ko 200 zuwa 400 kilohaz, matsakaicin zango, sai zangon teku da ke farawa daga saman matsakaicin zango ya haura, a cikinsa 2182 take, mitar neman agaji ta da. Na shekarun 1970 wasu har FM da VHF aka ƙara musu, sai dai ka sani waɗannan ji kawai ake yi, ba a auna alƙibla da su.

Farashinsu shi ya fi sauƙi a duk harkar, irin su Ray Jefferson an yi su da yawa, sau tari ba sa kai dala 100, amma ka ga girmansu ka ƙara da nauyin ƙarfe, to a nan mai aiko zai rama. Ni ta farko da na saya haka aka yi min, mai sayarwa ya ce tana aiki, hoto ya yi kyau, da ta iso na buɗe gidan batir na tarar ruwan tsohon batir ya cinye sifirin gaba ɗaya ya yi fari kamar kanwa, har ya bi waya ya shiga ciki. Tun daga ranar ba na sayen wadda ba a nuna min hoton gidan batirinta a buɗe ba, in mai kaya ya fara kame-kame na san akwai magana. Sannan ka tuna waɗannan a teku suka yi rayuwa, gishiri yana cin sukurori da maɓallin canza zango, ka duba kan sukurori a hoto, in sun yi kore ko sun yi tsatsa to cikin ma haka yake.

A cikinsu akwai bambanci da ya kamata ka sani. Heathkit, kamfanin Benton Harbor a jihar Mishigan, ba haɗaɗɗiya yake sayarwa ba, kayan ciki yake aiko maka da littafi kai ka haɗa da kanka, haka suka yi har suka bar harkar a 1992. DF-1, DF-2, DF-3 da jerin Mariner duk haka suka fito. Daɗin abin shi ne littafin yana da zanen wayoyi dalla-dalla kuma har yau ana samunsa a intanet, mai gyara zai ji daɗi. Rashin daɗin shi ne ba ka san hannun wa ta fito ba, wani gwani ne dalmarsa sumul, wani kuma ranar ya fara riƙe ƙarfen liƙi. Zenith ta Chikago, jerin Navigator da Super Navigator, ita ce mai kyan gani, rigar fata, murya mai daɗi ko a matsayin rediyo zalla, kuma da yawa daga na farkon taransistocinsu a soket suke, ka zare ka sa wani ba sai an narka dalma ba, amma masu tara Zenith suna da yawa don haka ta fi 'yan uwanta tsada, kuma fatar ba ta son bushewar hunturunmu, in ba ka shafa mata mai ba sai ta tsage a ɗinki. Nova-Tech Pilot II kuwa ƙarama ce, a Japan aka ƙera ta, ba ta da nauyi don haka aikonta da sauƙi, tana da 'yan ƙarafan saiti a kan eriya da kake ɗagawa ka leƙa ta tsakaninsu, kuma tana kama zangon jiragen sama. Wannan ɗin abin sha'awa ne amma shi ne kuma zai iya ja maka tambaya.

Batir ba matsala, mafi yawansu irin na tocila ne. In ka ga mai igiyar wuta daga Amurka to kar ka kuskura ka soka ta a bango kai tsaye, wutarsu 120 ce tamu 230, hayaƙi kawai za ka gani. Cutarsu ta tsufa ɗaya ce, kafasitocin da ruwansu ya bushe, murya ta yi ƙasa ko ta riƙa fat-fat kamar babur, kuma wannan gyaran kuɗi kaɗan ne.

'Yan hannun Ingila da na Turai

Seafix, Lokata ta Falmouth, da eriyar Heron ta kamfanin Brookes & Gatehouse na Lymington wadda ake haɗawa da rediyonsu Homer. Tunanin Turawan Ingila daban ne, maimakon akwati a kan tebur sai suka ɗora kamfas a kan eriyar kanta, ka riƙe a hannu, ka sa abin ji a kunne, ka juya jikinka har murya ta mutu sai ka karanta lamba a kamfas. Wallahi a wajen dabara sun fi burge ni, kuma ba su da nauyi, aiko da arha, a Ingila ma ba tsada suke ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Seafix dogon zango kaɗai ta sani. Ka kawo ta Kano ko Zinder ka kunna, shuuu kawai za ka ji, sai fa in ka yi dace da dare ka kamo Aljeriya a 252, ko wata tashar isharar filin jirgi da ba a kashe ba tukuna. Homer da Heron sun fi faɗin zango amma guda biyu ne, kuma sau da yawa za ka ga ana sayar da ɗaya babu ɗaya, ko babu wayar da ke haɗa su. Kamfas ɗin kuma mai ruwa ne a ciki, in ya tsufa yakan yi kumfa ko ruwan ya tsiyaye, ba kowa ke iya cika shi ba. Ɗan hasken da ke cikin wasunsu na tiritiyom ne, duk shekara 12 da 'yan kai ƙarfinsa yana raguwa da rabi, don haka na shekara 50 ya riga ya mutu, kar wani ya ce maka lalacewa ce ta musamman, dukkansu haka suke.

Sai kuma ciwon da ke bin kayan Turai na shekarun 1960, taransistocin jamaniyom irin su AF117 da OC171, wani siririn gashin ƙarfe yana tsirowa a cikin gwangwaninsu ya haɗe ƙafafu, rediyo ta mutu haka kawai, ka ɗan ƙwanƙwasa ta farfaɗo, gobe ta sake mutuwa. Mai gyaran da bai san wannan ba zai yi ta canza abin da lafiyarsa ƙalau. In kana son na Turai mai ƙarfi kamar dutse to koren Sailor na kamfanin S.P. Radio da ke Aalborg a Denmak ne, yana da dogo da matsakaici da zangon teku, amma ƙarfe ne zalla, nauyi da tsada, kuma eriyar aunawarsa daban ake nemanta.

Na wasan farautar yanyawa

Wannan wani reshe ne daban. Wasa ne na gudu a daji, a ɓoye ƙananan na'urorin watsawa guda 5, su ake kira yanyawa, kowacce ta yi magana minti ɗaya cikin biyar, ɗan wasa ya bi su da rediyo da taswira. An yi gasar Turai ta farko a Sitokhom a 1961, ta duniya ta farko a Folan a 1980, kuma Tarayyar Sobiyet ta ɗauki abin da gaske har masana'anta ta riƙa ƙera musu rediyo, su ne Altai-3.5 da Altai-145 na garin Barnaul. An yi su ne don yara da matasa su yi gudu da su su faɗi su tashi, don haka suna da ƙarko, cikinsu kuma ba cunkoso. Sai dai kowacce ɗan siririn zango ɗaya take ji, 3.5 ko 144 megahaz, ba gidan rediyo ko ɗaya a ciki. In ba ka da abokin da zai ɓoye maka abin nema to ba abin da za ka yi da ita, kuma shi abin watsawar sai da lasisin hukuma. Takardunta da Rashanci suke, sannan tun 2022 fito da kaya daga Rasha ya zama aiki, sai dai ta hannun masu sayarwa a wasu ƙasashen gabashin Turai.

Kayan soja da na leƙen asiri

Nan ne mai zuga ka yake so ka faɗa, kuma ban ga laifinsa ba don labarinsu ya fi daɗi. Gürtelpeiler na Jamus, na lokacin yaƙin duniya na biyu, a ciki ake ɗaura shi ƙarƙashin kwat, eriyar ta zagaya wuya, mitar kuma a hannu kamar agogo, mutum yana tafe a titi kamar ba komai alhali mai watsa saƙon ɓoye yake farauta. Amurka ta yi SCR-504 a siffar akwatin tafiya, daga baya ta yi AN/PRD-1 wanda sunan na ɗauka ne kawai, don akwatuna ne da ƙafafu uku sai da mota ko ƙarti. Irin na farkon a gidan tarihi ake ganinsu, in ɗaya ya fito gwanjo maganar dubban daloli ake yi, kuma kai da kake nesa ba ka da yadda za ka tantance ko an yi masa ciko da kayan da ba nasa ba. Kusan dukkansu masu ƙwan bawul ne, irin na kafin zuwan taransisto, suna son batir biyu, ƙarami na dumama ƙwai da babba mai wuta sosai irin su bolt 67.5 ko 90 wanda sai ka jera 'yan batir masu 9 ka haɗa da kanka.

Haɗarin lafiya a nan yake. Wasu mitoci da kamfas na soja na wancan zamanin da fentin radiyom aka rubuta lambobinsu, hasken ya daɗe da mutuwa amma gubar tana nan, sai shekara 1,600 take raguwa da rabi. Ba a buɗe gilashin, ba a kankare fentin, ba a ajiyewa a ɗakin da yara ke kwana. Haɗarin hukuma kuma ka fi ni sani, a halin tsaron da muke ciki ka ce za ka shigo da koren akwati mai tambarin soja da eriya, ko da ji kawai yake yi ba ya watsa komai, kafin ka gama bayani an kwana biyu.

Wannan gargaɗin ma ya shafi dukkansu, kar ka ɗauki ko wacce ka nufi kusa da filin jirgi ko bariki kana juya eriya kana leƙe. Rufin gidanku ko gona sun ishe ka.

Wadda ba ta cikin layi amma dole in ambata

National Panasonic RF-2200 ta tsakiyar shekarun 1970. Ba don jirgin ruwa aka yi ta ba, rediyon gida ce mai gajeren zango da matsakaici da FM, amma tana da sandan eriya a ka da ake ɗagawa a juya, kuma shirunta a matsakaicin zango yana da kyau. Ba ta da eriyar raba gaba da baya. Tana da tsada a waje, daloli ɗaruruwa, sai dai sunan National ba baƙo ba ne a gidajenmu, iyayenmu da shi suka ji BBC Hausa da aka buɗe tun 1957, don haka kafin ka nemi ta waje ka zaga wajen tsofaffin masu gyara a kasuwa ka tambaya, wani lokacin abin da kake nema a Amurka yana ƙarƙashin bencin wani dattijo ƙura ta rufe shi. Ciwonta maɓallin canza zango, yana datti sai an wanke.

| Iri | Farashi har gida | Ƙarko da gyara | Abin ji a wajenmu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Akwatin jirgin ruwa | kaya arha, aiko tsada | mai sauƙi, kafasita da gidan batir | akwai sosai | gishiri, ruwan batir, wutar 120 |
| 'Yar hannun Ingila | arha | kamfas da taransisto na wahalarwa | kaɗan ƙwarai | ta iso ba cikakkiya ba |
| Sailor | tsada | ƙarko sosai | akwai | nauyi, rashin eriyar aunawa |
| Altai | matsakaici, samu da wuya | ƙarko | babu sai da abin watsawa | lasisi |
| Na soja | tsada ƙwarai | sai gwani | ya danganta | radiyom, jabu, hukuma |
| RF-2200 | tsada, sai in an samu a gida | matsakaici | ta fi kowa | ba cikakkiyar ma'auna ba ce |

Wani abu da teburin ba zai nuna ba, duk wadda ka saya kar ka yanke mata hukunci a cikin ɗaki. Inbata da cajar waya da ƙwan sola da janareta suna zuba ƙara a dogo da matsakaicin zango har ka rantse rediyon ta lalace, ka jira a ɗauke wuta ka hau sama ka ji bambanci, wannan ne kaɗai lokacin da nake yi wa NEPA godiya. Da damina tsawa tana cika zangon da ƙaraf-ƙaraf, dararen hunturu sun fi. Kuma da dare za ka kamo tashoshi masu nisa amma awon ba ya tsayawa, shirun yana yawo saboda siginal daga sama yake dawowa, in awo na gaskiya kake so da rana ake yi, nesa da rufin kwano da wayoyin wuta. Ka kuma tuna eriyar watsawa take nuna maka, ba ofishin gidan rediyon da ka sani a cikin gari ba, sau da yawa tana can bayan gari.

To kai da kake farawa kuma kana so ka kunna ka juya ka ga allura ta faɗi, ɗauki akwatin jirgin ruwa mai matsakaicin zango da eriyar raba gaba da baya, Ray Jefferson ko makamanciyarta, wadda ka ga gidan batirinta da idonka. In kuɗin aiko ne ke tsorata ka, Nova-Tech. In hannunka na ƙaiƙayin gyara kuma kana da ƙarfen liƙi, Heathkit. In ta falo kake so wadda baƙo zai tambaya, Zenith, ko Sailor in aljihu da nauyi. 'Yar hannun Ingila ka bar ta ta zama ta biyu ko ta uku, sai dai in kana zaune a Ingila ko kana yawan zuwa bakin teku. Altai ta malamin makaranta ce ko mai ƙungiyar matasa da ya riga ya samu lasisi. In kuma gaskiyar magana labaran gajeren zango kake so ka ji, juya eriyar ɗan ƙari ne, to RF-2200 ta ishe ka. Na soja kuwa sai in kana ƙasar da ake gwanjonsu, kana da wanda zai duba maka da na'urar auna guba, kuma ba ka da niyyar biyo da shi ta filin jirgin Kano.